Amsa: me ya sa tiwita ke yawan ƙonewa?

Malam, ka ce tiwitar sifikarka, wato ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti, na ƙonewa duk sanda ka ƙure ƙara a wajen biki. Wataƙila matsalar bas ne, wato sauti mai kauri, ke shiga cikinta kai tsaye, ita kuwa ba aikinta ba ke nan. Ka sa mata kafasita, ɗan abin lantarkin da zai tare mata bas, a layi ɗaya da wayarta, irin marar fola ba wadda ke da alamar + da - ba, in tiwitar 8 ohm ce to 4.7uF zai yanke mata daga wajen 4,000Hz zuwa ƙasa, wufa kuma, wato babbar sifikar da ke fitar da bas, a sa mata kwayil (naɗaɗɗiyar waya) don ta daina kwasar sautin sama. Ni dai na fi son yanka na 12dB, kafasita da kwayil tare, ya fi kare tiwita, sai dai wani lokacin dole ka juya wayoyin tiwitar, na + ya koma - na - ya koma +, in ka ji muryar mawaƙi ta yi rami a tsakiya, wato ta ragu.