Amsa: Gane Gentiana lutea da yadda ake shuka ta

Malam, ka ce ka ga wani tsiro mai faɗin ganye a duwatsun Alps na Faransa, kana tambaya ko Gentiana lutea ce, wato wadda ake magani da saiwarta mai ɗaci, kuma ko za ta yi a lambunka. Don Allah kada ka ɗanɗana saiwar sai ka duba ganyen. Na gentiana biyu-biyu suke fitowa, suna fuskantar juna a jikin kara. In ɗaya bayan ɗaya suke hawa, to Veratrum album ce, guba mai kisa, kuma wuri ɗaya take tsirowa da gentiana. Wannan ne ya fi damuna.

Shuka kuwa, iri za ka nema, kada ka tono ta daga dawa, saiwarta na nitsewa ƙasa sosai. Irin ba ya tsirowa sai sanyin hunturu ya ratsa shi. Furenta rawaya kuma sai bayan shekara 7 zuwa 10.