Moton fankar kulin tawa yana ƙonewa duk damina, ta ina ruwan yake shiga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ke kula da injuna a wata masana'antar ƙanƙara a nan Sakkwato. Moton fankar kulin tawarmu, wato hasumiyar da ke sanyaya ruwan injuna, mai kilowat 15 ne, a tsaye yake, da bel yake juya fankar. Damina biyu ke nan a jere yana ƙonewa cikin watan Agusta: boris ya fara kuka, bayan 'yan kwanaki koyil, wato naɗin wayar cikin moton, ya bi. Bana mun naɗe shi da leda, mun liƙe duk wata kafa da silikon, kuma duk mako muna ɗura giris har sai ya fito. Duk da haka mai riwaya, wato mai sake naɗa wayar moto, ya buɗe ya tarar da ruwa da tsatsa a ciki. Maigida ya fara kallona da wani ido. Ta ina ruwan nan yake shiga?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka, amma ka yi haƙuri da abin da zan ce: abubuwa ukun nan da kuka yi, gyaran gangar Auzinawa ne. Yawancin ruwan da aka tarar ba na sama ba ne. A cikin moton aka haife shi.

Moto rufaffe mai lambar IP55 yana tare ƙura da feshin ruwa, amma ba ya hana iska shiga da fita. Idan yana aiki ya yi zafi, iskar cikinsa ta kumbura ta fita. Da an ɗauke wuta ya huce, sai ya zuƙo iskar waje ta gefen shaf (sandar ƙarfen da ke juyawa) da akwatin waya. Iskar da ke kewaye da kulin tawa kuwa a jiƙe take sharkaf, balle a Agusta. Tana taɓa ƙarfe mai sanyi sai ta zama raɓa. A watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke wuce digiri 40 iska kuma a bushe, ba ka ganin komai. Da damina duk tsayawa ɗaya tana barin ɗan ruwa, yau da gobe har ya taru.

Masu ƙera moton sun san da haka, shi ya sa suka bar ƙananan ramukan tsiyaya. Su ne kuka toshe da silikon. Ka buɗe su yau, ka tabbata na can ƙasa ne a buɗe, domin moton da aka tsayar ramin da ke gefensa ba ya fitar da komai; sai na murfin ƙasa. Ledar ma ka yaye ta. Tana hana fankar bayan moton hura ƙashin haƙarƙarin jikinsa, zafi ya ƙaru, ita kuma ta riƙe gumi a ciki. In rufi kake so, ka yi masa 'yar rumfar kwano a sama, gefe a buɗe.

Yanzu ga babbar cutar, wadda kusan kowane gareji da masana'anta ke fama da ita: wai giris ba ya yawa, wai in ka cika boris taf ruwa ba zai sami wurin zama ba. Wannan magana ta kashe moto fiye da ruwan sama. Boris ba tukunya ba ne. Ƙwallayen cikinsa suna buƙatar ɗan siririn mai ne kawai da sararin juyawa. In ka cika shi, sai su riƙa dama giris kamar ana dama fura, zafi ya hau, man ya rabu da sabulun da ke riƙe shi ya tsiyaye, a bar busasshen ƙulli. Da zafin boris ya wuce digiri 70, duk ƙarin digiri 15 yana raba kwanan giris biyu. Sannan famfon giris na hannu yana da ƙarfin da zai ture sil, wato zoben da ke toshe gefen shaf, daga mazauninsa. Sil ɗin da ya goce kuwa ƙofa ce ka buɗe wa ruwan da kake gudu. Ragowar giris ɗin ba waje kaɗai yake fita ba, yana zubowa ciki kan koyil, ya kama ƙurar hunturu, ya hana shi huce zafi. Wanda ya ce maka "ɗura har ya fito" ka tambaye shi giram nawa ke nan. Ba zai iya faɗa ba.

Ga lissafin: faɗin boris na waje sau kaurinsa, duka a milimita, sau 0.005, shi ne giram ɗin da za ka saka. Moto irin naka yawanci boris mai lamba 6309 yake ɗauka, wato 100 sau 25 sau 0.005, giram 12 da rabi ke nan. Ka duba farantin jikin moton ka tabbatar da lambar. Ka matsa famfonka sau 10 a kan ma'auni ka raba, ka san abin da matsa ɗaya ke fitarwa, don famfo ya bambanta da famfo. Tazara kuma ba mako ba ce. Ka bi awannin da ke farantin, ka raba biyu tunda a tsaye moton yake. In babu rubutu, wata uku-uku ya isa a irin wurinku. Ka goge bakin ɗurawa, ka cire murfin fitar tsohon giris, ka saka a hankali, ka bar moton ya yi aiki kamar rabin awa kafin ka mayar da murfin. In lambar boris ɗin ta ƙare da 2RS, rufaffe ne, ba a ɗura masa komai, sai dai a canza shi.

Wani abu kuma: kada ka gauraya. Motoci da yawa da giris ɗin foliyuriya suke zuwa, na kasuwa kuma galibi litiyam ne, haɗa su yakan sa ya tsinke ko ya daskare. Giris ɗin da ake aunawa a gwangwani ba suna ba lamba, launinsa ba ya gaya maka komai. Ka zaɓi iri ɗaya mai lambar kauri NLGI 2, ka rubuta sunansa a jikin bango. Baƙin nan na shasin mota ba na moto ba ne.

Maganin raɓa na gaskiya shi ne hita. Ɗan ƙaramin abu ne, wat 25 zuwa 50 a moto irin naka, mai riwaya zai iya ɗaura shi a kan koyil. A haɗa shi ta kwantakta, wato makunnin da ke ba moton wuta, yadda zai kama da zarar moton ya tsaya, ya riƙe cikinsa kamar digiri 5 sama da iskar waje. Amma tunda ɗauke wuta ne ke tsayar da ku, ka ba shi layin sola ko inbata, in ba haka ba zai mutu tare da moton. A manna gargaɗi a akwatin, don wayar hitar tana da rai ko moton a kashe.

Sauran ƙanana ne: robar tare ruwa a kan shaf wadda za ta watsar da abin da ke gangarowa, waya ta shiga akwati daga ƙasa da ɗan lanƙwasa, bel kada a ɗaure shi kamar tsirkiya. Ka leƙa farantan da ke tare feshi a saman tawar, in sun karye moton wanka yake yi. In za a ajiye tawar fiye da mako, a riƙa juya shaf da hannu.

Daga Yuni zuwa Satumba, duk wata ka gwada koyil da mega, na'urar auna ƙarfin rufin waya, a bolt 500 ka rubuta sakamakon. In moton ya kwana biyu a tsaye, gwada kafin ka kunna. In mega ta nuna ƙasa da megom 5, kada ka taɓa makunni. A sauke shi a busar a tanda, zafin kada ya wuce digiri 90, ba da garwashi ko wutar walda ba. Wanda aka dawo muku da shi daga riwaya ma ka gwada shi a gaban mai aikin kafin a biya, kuma ka ce ya nuna maka tsofaffin boris ɗin da ya cire.