Amsa ga ƙanena malami da aka zaɓa wakili zuwa taron ƙungiya

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka, na sami saƙonka inda ka shaida mini cewa malaman reshenmu sun sa ka cikin waɗanda za su wakilce su a taron wakilai na ƙungiyar malamai ta ƙasa, wato NUT, a matakin jiha, kuma kana tambaya me ake yi a wurin, me kuma ya kamata ka tanada, tun da shekararka shida ke nan da kama alli ba ka taɓa leƙa irin wannan zama ba. Tambayar ta yi mini daɗi, domin yawancin waɗanda na ga an tura, abin da suke fara tambaya shi ne kuɗin mota da masauki.

Ƙungiyar da za ka zauna a zaurenta ta girmi ni da kai, ta girmi ma 'yancin kan Nijeriya. An kafa ta a Legas a watan Yulin 1931, shugabanta na farko kuwa shi ne Rabaran Ransome-Kuti na Abeokuta. Mu a Arewa da namu muka fara, don Malam Aminu Kano, bayan ya dawo daga karatu a Landan, ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, lokacin da malami ma'aikacin En'e ne wanda ba ya iya ɗaga murya gaban hukuma, kuma sai a 1972 aka haɗe aka zama abu guda. Na kawo maka wannan ne don ka san cewa kujerar da za ka zauna a kai ba kyauta aka same ta ba, kuma don kada dattawan zauren su ruɗe ka idan suka fara jero tarihi a madadin amsa tambaya.

Ranar farko kusan duk biki ce. Za a tantance wakilai a ba kowa shaida, a shiga zaure cikin anko, a yi taken ƙasa da na ƙwadago, kowa yana kiran kowa kwamared, sannan babban baƙo ko wakilinsa ya yi jawabi ya ce malami shi ne ginshiƙin al'umma, a yi tafi. Ka saurara, ka rubuta duk alkawarin da aka yi da sunan wanda ya yi shi, amma kada ka ɗauka ka ga taro. Taro yana farawa ne bayan baƙi da 'yan jarida sun fita, an rufe ƙofa, an raba rahoton sakatare da na kuɗi, an zo kan ƙudurori. Matsalar ita ce, da yake shekara huɗu-huɗu ake yin wannan zama kuma a cikinsa ake zaɓen shugabanni, zaɓen yakan haɗiye komai, har ka ga an wuce rahoton shekara huɗu cikin ɗan lokacin da bai isa a kira rajistar aji biyu ba, saboda hankalin kowa yana kan akwati.

Don haka aikinka na gaskiya yana nan gida, kafin ka hau mota. Ka zagaya makarantun da ke ƙarƙashin reshen, musamman na ƙauye waɗanda ba a cika jin muryarsu ba, ka zauna da malamai a ofishin hedimasta ko ƙarƙashin bishiya lokacin tara, ka ji abin da ke damunsu. Za su faɗa maka abubuwa da yawa, daga ƙarin girma da aka ba mutum a takarda amma bai gani a albashi ba, zuwa kuɗin hutu da aka daina biya, da garatutin waɗanda suka yi ritaya, da canjin wurin aiki da ake yi don hukunta wanda ya yi magana. Ba za ka iya ɗaukar su duka ba. Ka zaɓi guda, wanda ya fi shafar mutane kuma kake da hujjarsa a hannu, ka rubuta shi a matsayin ƙuduri, ka kai wa sakataren reshe tun da wuri don ya bi hanyar da tsarin mulkin ƙungiya ya shimfiɗa, sannan ka nemi wakili daga wani reshe dabam wanda zai tashi ya goya maka baya, domin ƙudurin da bai sami mai mara masa baya ba a nan yake mutuwa.

Wannan darasi da kunya na koye shi. Zuwana na farko, na miƙe da zafin ƙuruciya na yi ta bayani kan bashin albashin da malamanmu ke bi, mutane suna ta tafi, ina ganin na gama aiki. Da na zauna, mai jagorantar zaman ya tambaya cikin ladabi ko akwai rubutaccen ƙuduri a gaban tebur. Babu. Aka wuce zuwa batu na gaba, maganata kuwa ko a sanarwar bayan taro ba ta fito ba.

Wajen rubuta ƙudurin, ka tabbata ka san ƙofar da kake ƙwanƙwasawa, don a nan matasa da yawa ke tuntuɓe. Malamin firamare yana ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, albashinsa kuma daga kason ƙananan hukumomi ake cirarsa, alhali malamin babbar sakandare na gwamnatin jiha ne kai tsaye. Mu da muka yi aiki a 1991, lokacin da aka rushe hukumar ilimin firamare ta ƙasa da aka kafa a 1988 aka miƙa albashinmu hannun ƙananan hukumomi, ba mu manta da watannin da muka yi muna cin bashi a kanti ba, har aka dawo da hukumar a 1993. Shi ya sa tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, za ka ga fuskar tsofaffin malamai ta canja in aka taɓo batun, kuma ba ƙin 'yancin ƙananan hukumomi suke yi ba, so suke a fara ware albashin malami kafin a taɓa sauran. Haka ma alawus ɗin kashi 27.5 cikin ɗari da aka cimma da gwamnoni bayan yajin aikin 2008, da dokar 2022 da ta kai ritayar malami shekara 65 na haihuwa ko 40 na aiki, da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 na 2024: kowannensu akwai shi a takarda, abin tambaya shi ne ko ya iso takardar albashin malamin firamare a jiharmu. Idan ƙudurinka ya ce wane ne zai yi me, zuwa yaushe, kuma wane mataki ƙungiya za ta ɗauka in wa'adin ya cika, to ya zama abin da za a iya tuhumar shugabanni da shi. Wanda ya tsaya a kan "muna kira ga gwamnati da ta duba" kuwa, an rubuta irinsa tun kafin a haife ka.

Rahoton kuɗi shi ne takardar da aka fi so a wuce da sauri, ni kuma ita na fi so ka karanta da dare a masauki maimakon zaman hira. Duk wata ana cire kuɗin ƙungiya daga albashinka tun kafin ya shigo asusunka, don haka tambaya a kansa ba rashin kunya ba ce. Ka duba nawa aka tara, nawa ya koma rassa, nawa ya tafi a tafiye-tafiye da tarurruka, nawa kuma aka kashe wajen tsaya wa malamin da aka zalunta ko iyalan wanda ya rasu, sannan ka ga ko mai binciken kuɗi ya sa hannu. In za ka yi tambaya, ka ambaci shafi da layi, ka yi ta da murya mai sanyi, kada ka kira kowa ɓarawo, domin tambayar da ke da lambar shafi wuyar kaucewa gare ta, zargi kuwa sauƙin shashantarwa.

Game da zaɓe, za a neme ka. Za a zo ɗakinka da dare ana kamun ƙafa, wani da zancen ɗan yankinmu ne, wani da ambulan. Ba zan ce maka ga wanda za ka zaɓa ba, amma ƙuri'ar da ke hannunka ta malaman da suka turo ka ce, har da malamar nan da ke hawa babur zuwa makarantar da babu rufi. Ka tambayi kowane ɗan takara inda yake a yajin aikin da ya wuce, da kuma yaushe rabonsa da shiga aji. Ni dai na lura cewa shugaban da ya fi kusa da gidan gwamnati a lokacin kamfe ba kasafai yake iya buga tebur ba idan ranar ta zo.

In kun dawo, kada mako biyu ya wuce ba ka tara malaman reshe ka karanta musu abin da aka zartar da wanda aka yi watsi da shi ba, har da yadda ka jefa ƙuri'arka a kan ƙudurori, kuma ka bar kwafen rahotannin a hannun sakatare. Kafin tafiyar kuwa, ka nemi izinin hedimasta a rubuce, ka bar wa wanda zai riƙe maka aji tsarin darasin kwanakin, don 'yan aji shida ba su san wani taro ba, jarrabawa suka sani. Ka tafi da katin shaidarka na aiki da takardar albashi ta watan da ya gabata da kwafen tsarin mulkin ƙungiya. Ranar Alhamis bayan La'asar ina gida, ka zo mini da daftarin ƙudurin mu duba shi tare kafin ka kai wa sakatare. Ka gaida mutanen gida.