Shawarwari ga manoma: ƙurar harawa, da zancen sabon maganin tabon huhu

Assalamu alaikum 'yan'uwa manoma da masu kiwo na Legas. Tambayoyin wannan karon duk a ƙirji suka taru, don haka na ɗage batun taki zuwa wani lokaci. Rubuta magani aikin likita ne. Amma ƙurar da ke kai mutum gaban likitan a rumfunanmu take tashi, kuma wannan kam aikina ne.

Na farko wani Alhaji ne mai raguna a kasuwar Alaba Rago da ke Ojo. Ya ce: "Malam, duk ranar da muka sauke harawa daga mota, ko na kwance tsohon dami a rumfa, da yamma sai jikina ya ɗau zafi, ga busasshen tari, ƙirji ya ɗaure. In na je gida na yi mako biyu sai in warware. Sau uku ina shan maganin maleriya. Ko sanyin Legas ne?"

Alhaji, ni harawar nake zargi kafin sanyi. Harawar wake ko ta gyaɗa da aka ɗaure a Katsina ko Sakkwato ta bushe ƙarau a can, amma da ta sauka Ojo sai ta fara shan danshin iskar teku. Idan aka jibge ta a ƙasa aka lulluɓe da tamfol, cikin damin yakan ɗumama, fumfuna da wasu ƙwayoyin halitta masu son zafi su hayayyafa. Wannan farin hayaƙin da ke tashi in ka kwance igiya 'ya'yansu ne, kuma sun yi ƙanƙantar da gashin hanci ba ya tare su, sai su zarce can ƙasan huhu. Jikin wasu mutane yakan yi faɗa da su, shi ne zazzaɓin da ke zuwa bayan awa 4 zuwa 8 da gama aiki. Likitoci sun san abin tun tuni, a 1932 aka bayyana shi a jikin manoman Ingila masu aiki da ciyawar da ruwa ya daka, har aka sa masa suna huhun manomi. Warwarewar da kake yi in ka bar rumfa babbar alama ce, ka faɗa wa likita ita da bakinka, domin in ba ka faɗa ba zai yi ta farautar sauro ne.

Abin da ya sa na damu da kai shi ne, wannan ciwo yana lafawa in an rabu da ƙurar da wuri, amma in aka yi shekaru ana maimaita shi sai huhu ya yi tabo, tabon kuma ba ya gogewa.

A damina ka daina sayen harawar wata uku a lokaci guda, ko da kuwa an yi maka ragi, ka riƙa ɗaukar abin da dabbobinka za su cinye cikin 'yan makonni. Ka ɗora ta kan katako, ta tashi daga ƙasa kamar taƙi guda, kada ta jingina da bango, rufi a sama amma gefuna a buɗe. Kowace safiya ka cusa hannu tsakiyar dami. In ka ji ɗumi kamar hammata, ko warin tsohon ɗaki, fito da shi waje. A fili za ka kwance shi, iska na bayanka, ka ɗan yayyafa ruwa a kan wadda za ka zuba a komi yanzu-yanzu don ƙura ta kwanta. Wadda ta yi toka-toka ko baƙi a jefa ta ramin taki. Na san zubar da harawa ana gab da layya yana da ciwo, amma ragon ma cutarsa take yi. Haka dusa: in ta dunƙule a buhu tana ɗumi, ta tashi daga abinci. Kuma yaran da ke kwana kan buhuna a cikin rumfa a nema musu wani makwanci.

Tambaya ta biyu ita ce ta hana ni barci. Wata Hajiya mai kajin ƙwai a Ikorodu ta ce mahaifinta ya haura sittin, ya yi shekaru yana taya ta share ɗakin kaji. Ya fara haki in ya taka zuwa masallaci, wani wuri aka ɗora shi kan maganin tarin fuka wata shida ba sauƙi. Daga baya a asibitin koyarwa aka ɗauki hoton ƙirjinsa da na'urar siti-sikan aka ce IPF ne. Yanzu wani ya turo mata saƙo a WhatsApp cewa akwai sabon magani da ake gwadawa a ƙasar waje, zai samo mata in ta tura kuɗi. Ta ce in gaya mata gaskiya, ta sayar da kajin ta saya?

Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Kada ki tura ko sisi.

IPF taƙaitaccen suna ne na tabon huhu wanda aka bincika ba a gano musabbabinsa ba. Huhu mai lafiya kamar soso yake, yana buɗewa yana tsukewa. A wannan ciwo naman da ke kewaye da ƙananan jakunkunan iska yana kauri yana tauri, sai numfashi ya gajarta, tari ya bushe, wasu kan yatsunsu ya yi kumburi kamar makaɗin ganga. Ya fi kama maza da suka wuce hamsin, musamman waɗanda suka taɓa shan taba, kuma bincike ya nuna ya fi yawa a tsakanin masu noma da kiwo da masu aikin katako da ƙarfe. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kada a ware wa Baba kwano.

Kafin zancen magani, ga abin da nake so ki koma ki yi. Ki tabbatar likitan ƙirjin ya san cewa Baba ya yi shekaru cikin ƙurar gashin kaji da kashinsu, kuma in akwai tattabaru a gida ki faɗa. Ƙurar tsuntsaye na haddasa irin ciwon da na bayyana wa Alhaji a sama, kuma in ya tsufa hotonsa yakan yi kama da na IPF ƙwarai, har ƙwararru sai sun zauna sun tattauna kafin su rarrabe. Bambancin ba ƙarami ba ne, don kulawar ta sha bamban. Ko wanne ne dai, daga yau Baba ya bar ɗakin kaji, ya bar tsintsiya.

Yanzu gwajin magani. Ke da ni mun san gonar gwaji. In masana a cibiyar binciken noma ta Samaru ko ta IITA a Ibadan suka fito da sabon irin masara, ba sa ɗaukar maganar mai irin. Za su shuka shi kusa da tsohon iri, ƙasa ɗaya, taki ɗaya, ruwa ɗaya, a garuruwa daban-daban, damina fiye da ɗaya, sannan a ɗora a sikeli. Da yawa daga cikin irin da suka yi kyau a ido a nan suke faɗuwa. Haka ake wa magani. Ana farawa da mutane kaɗan a ga ko jiki zai ɗauka, a ƙara yawansu a nemi adadin da ya dace, sannan a zo babban gwaji na ɗaruruwa ko fiye da dubu. A nan ake raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a, wasu su sha maganin, wasu su sha ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a cikinta, kuma daga mara lafiyan har likitansa ba wanda ya san wacce ya samu. Sikelin a nan wata na'ura ce da mutum zai cika ƙirji ya busa iya ƙarfinsa, a auna yawan iskar da ya fitar, a sake aunawa har shekara ta zagayo.

Me ya sa ake wannan wahala? Shekaru da dama likitoci na ba masu IPF haɗin magunguna uku, prednisone da azathioprine da acetylcysteine, kowa na ganin yana taimako. Da aka gwada shi a Amurka ta wannan hanya, sai aka dakatar da ɓangaren a 2011, domin mutum 8 sun rasu cikin masu shan haɗin, mutum 1 cikin masu shan ƙwayar da ba komai. Likitoci ne masu kyakkyawar niyya, amma sai da aka ɗora a sikeli gaskiya ta fito. To ina ga abin da wani zai ƙunso miki a leda ba takarda? Wannan ne ma ya sa nake roƙon kowa, kada a shiga kemis a sayi prednisolone, 'yar'uwar prednisone, don tari ya daɗe. Akwai ciwon huhun da likita ke ba da ita, akwai wanda take ƙara wa wuta, har da tarin fuka.

Magungunan da suka tsallake gwaji akwai su. Pirfenidone an fara amincewa da shi a Japan a 2008, sannan Amurka ta amince da shi tare da nintedanib a 2014. A manyan gwaje-gwajen nintedanib, raguwar iskar huhu a shekara ta sauko da kusan rabi. A 2025 aka fitar da sakamakon wani sabo mai suna nerandomilast, wanda aka gwada kan mutum 1,177 na tsawon mako 52, kuma Amurka ta amince da shi a watan Oktoban shekarar. Bambancin da ya kawo tsakanin masu shan babban adadinsa da waɗanda ba su sha ba kusan mililita 70 ne na iska a shekara, wato wajen kashi ɗaya cikin bakwai na ledar fiya-wata. Ga mai haki wannan riba ce, ban raina ta ba. Amma dukkan ukun birki suke taka wa ciwon, babu wanda ke mayar da huhun da ya yi tabo. Duk wanda ya ce miki warkewa tas, ƙarya yake yi. Suna kuma da nasu nauyin: nintedanib na yawan sa gudawa kuma dole a riƙa duba hanta, pirfenidone na sa tashin zuciya, fata kuma ta ƙone da wuri a rana, abin da ya kamata duk mai aikin fili ya sani.

Gwaji na gaskiya ba ya sayar da maganin da yake gwadawa. A Najeriya sai NAFDAC da kwamitin kula da ɗa'ar bincike sun amince kafin a fara, a asibiti ake yi, za a karanta wa mutum takarda a harshen da yake ji kafin ya sa hannu, za a gaya masa yana iya faɗawa cikin masu shan ƙwayar da ba komai, kuma yana da ikon janyewa duk ranar da ya so. In kina son sanin ko akwai wanda Baba zai dace da shi, likitan ƙirji a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba ko na LASUTH da ke Ikeja shi ne ƙofar. Kajin kuwa ki riƙe su. Jinyar nan doguwa ce, akwai kuɗin mota, gwajin jini, magani duk wata, wataƙila da iskar oksijin a gida, kuma ƙwan nan ne zai riƙa biya. Ki kula da naki huhun: a yayyafa ruwa kafin a kwashe diddigar katako, a gyara mashayar da ke ɗiga don jiƙaƙƙen kashi shi ke tayar da iskar amoniya mai yaji, in kin durƙusa daidai tsayin kaji kika ji ido na yaji to iskar ɗakin ba ta isa ba, a ɗage labule.

Wani ɗan'uwa mai lambun alayyafo da latas a gefen hanyar LASU ya tambaya ko gaskiya ne maganin ciyawa na ƙona huhu. Paraquat kake nufi, wanda da yawa suka sani da sunan Gramoxone, kuma gaskiya ne. Kurɓi ɗaya na iya kisa. Yana taruwa a huhu, cikin kwanaki ko makonni ya mayar da shi tabo, kuma ba shi da makari. NAFDAC ta haramta shi tun farkon 2024, don haka in ka gan shi a kanti ka wuce. Ragowar da ke ɗakinka kada a juye ta a robar lemo. Na taɓa tarar da irin wannan roba rataye a bukkar lambu, kusa da butar alwala, ga yaro ɗan shekara huɗu yana wasa a ƙasa, har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. In bakin famfon feshi ya toshe, ruwa da tsinke, ban da busawa da baki. Wanda ya haɗiya a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar, kada a tsaya ba shi manja ko madara.

Ta ƙarshe daga masu sauke buhunan masara da wake a Mile 12 ta zo: hankici ko bakin rawani a hanci ya wadatar? Yana tare ƙaiƙayi da tsakuwa, amma ƙurar da muke tsoro wucewa take abinta. Shuɗin takunkumin asibiti ma gefunansa a buɗe suke. Ku nemi wanda aka rubuta wa N95 ko FFP2, mai igiya biyu, a matse ƙarfen saman hanci, in ya jiƙe da gumi ko numfashi ya fara nauyi a cikinsa a canza. Mai gemu ya sani cewa ba ya kamawa sosai a kan gashi, saboda haka shi ya tsaya a bakin mota wajen iska, ya bar cikin sito ga wani. Masarar da za ta zauna a sito kuma danshinta kada ya wuce kashi 13 cikin 100. In babu na'ura, a zuba tsaba cikin busasshiyar kwalba da cokalin gishirin da aka shanya, a girgiza a ajiye 'yan mintuna. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da masarar shanya. Duk wanda tarinsa ya wuce mako biyu a cikinku ya fara da gwajin majina na tarin fuka, kyauta ne a asibitocin gwamnati, in ya fito babu kuma tarin bai tafi ba, ya nemi a tura shi wajen likitan ƙirji, ya tafi da bayanin aikin da yake yi da shekarun da ya yi a kai.