Muryata tana tsinkewa, an ce a yi mini allurar Botox a maƙogwaro

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekara biyu ke nan idan ina magana sai muryata ta shaƙe kamar an maƙure ni, kalmomi suna fita a tsinke. Amma idan dariya nake yi ko waƙa, sai ta fita sumul, har wasu na cewa da gangan nake yi. Likitan maƙogwaro ya ce sifasmodik disfoniya ce, a yi mini allurar Botox. Ashe ba guba ba ce? Kuma sau ɗaya ake yi a warke?

Amsa: Malama, sannu da jiki. Ba da gangan kike yi ba. Wannan dariyar da waƙar da ke fita lafiya ma suna daga cikin alamomin da muke gane ciwon da su. Matsalar daga ƙwaƙwalwa take: tana aika wa tsokokin da ke motsa tantanin murya saƙon da ya wuce kima, amma a lokacin magana kaɗai. A yawancin masu ciwon, tantanin biyu ne ke matsewa da ƙarfi, kamar yadda kika bayyana. A wasu kuwa buɗewa suke yi, murya ta koma iska.

Gubar kam guba ce, wadda ƙwayar cutar Clostridium botulinum ke fitarwa. Sai dai abin da ake sa wa a maƙogwaro ɗan mitsitsi ne, sau da yawa ma'auni ɗaya zuwa biyu da rabi a kowane ɓangare, ƙasa ƙwarai da abin da masu gyaran fuska ke amfani da shi. Aikinta shi ne ta hana jijiya isar da saƙo ga tsoka, tsokar ta saki. Tun 1984 Dokta Andrew Blitzer ya fara yin ta a maƙogwaro a Amurka, kuma har yau ita ce ginshiƙin maganin.

Ana yin ta ne a zaune, cikin 'yan mintuna, ta gaban wuya, da na'urar da ke jin motsin tsoka don allura ta faɗa inda ake so. Bayan kwana biyu zuwa uku za ki fara jin sauyi. To, a nan ne mutane da yawa ke karaya: mako ɗaya ko biyu na farko murya kan yi rauni kamar raɗa, kuma ruwa yakan ƙware mutum. Ki sha a hankali, kurɓi-kurɓi. Yana wucewa, sannan murya mai kyau ta zo. Idan kuwa numfashi ya yi miki wuya, ko abinci ya ƙi wucewa, kada ki jira, ki nufi asibiti.

Ba ta warkar da ciwon. Bayan wata uku zuwa huɗu jijiya ta farfaɗo, sai a maimaita. Kuma allurar farko kusan gwaji ce, domin kowa da ma'aunin da ya dace da shi. Shawarata, ki riƙa rubuta ranar da muryar ta yi rauni, ranar da ta daidaita, da ranar da shaƙewar ta dawo. Da wannan takardar likitanki zai san ko ya ƙara ko ya rage a karo na biyu.