Kada ka ƙara tura ko sisi sai an auna ƙarfen nan

Tambaya: Ina da shagon kayan masarufi a wani ƙauye kusa da Ringim. Na gyara zauren gidana don in sa kayan ɗaga ƙarfe, ni in riƙa motsa jiki, samarin gari kuma su riƙa biyan naira 200 a rana. Na tura wa ɗan baffana da ke Kano naira 900,000 ya sayo min kaya. Ya aiko da injin gudu mai aiki da wuta wanda aka taɓa amfani da shi, benci, sanda biyu da faya-fayan ƙarfe, amma wasu ba sa shiga sandar. Yanzu ya ce in ƙaro 400,000, ya samu wani injin jan nauyi mai igiyar waya da arha. In tura?

Amsa: Malam, kada ka tura. A duk bayaninka ban ji inda ka ce ka rubuta masa abin da kake so ba, ban kuma ji maganar rasit ba. Kai da ba ka yarda a ɗauki kwalin sabulu a shagonka sai ka shigar a littafi, yaya aka yi ka saki kusan miliyan da baki kawai? Ba na ce ɗan baffanka ya ci amanarka ba, Allah ne masani. Amma yau ko ya ci ko bai ci ba, ba ka da hanyar ganewa, kuma kunyar Baffa ba za ta bar ka ka tambaya ba. Nan ne ka yi kuskure.

Faya-fayan da suka ƙi shiga su ne shaida. Sandar ɗaga ƙarfe iri biyu ce a kasuwa. Akwai siririya mai kaurin baki kamar milimita 25, akwai babbar irin ta gasa mai milimita 50, wadda ita kaɗai kilo 20 ce, tsawonta mita 2.2. Faifan siririya ba zai shiga babbar ba, na babbar kuma zai yi ta lilo a kan siririya har ya ji wa yaro ciwo. Wanda ya san kayan ba zai haɗa su ba. Ka kuma duba rubutun jikinsu, don kayan Amurka da ma'aunin fam ake rubuta nauyinsu, ba da kilo ba. Wanda aka rubuta 45 a kai kilo 20 ne da ɗan ɗoriya, ba 45 ba. Ƙarfe da nauyi ake sayensa, saboda haka ka ari sikeli wajen masu sayen riɗi ka ɗora kowanne. Daga nan za ka san nawa kilo ya zo maka.

Injin gudun kuwa ya fi ba ni takaici. Wuta nawa kuke samu a ƙauyenku? Janareta za ka tayar wa mai biyan 200? Ga ƙurar hunturu da za ta cika masa ciki. Kuma saurayin da ya wuni a gona ko a kan keke ba gudu ya rasa ba, ƙirji da damtse yake nema.

Na san wani mai sayar da taki a wajen Wudil da ya yi irin wannan. Surukinsa ne ya sayo masa inji mai igiyar waya. Wata na uku wayar ta tsinke, aka zaga ba a samu irinta ba, mai walda ya yi dabara, ta sake tsinkewa a hannun yaron mutane. Injin ya ƙare a hannun ’yan gwangwan, shi da surukin kuma har yau gaisuwa sama-sama ce. Da na tambaye shi nawa aka sayi injin, wallahi bai sani ba.

Yanzu lissafin. A ce samari 10 suna zuwa kwana 26 a wata, 52,000 ke nan. Sai ka yi wata 17 kafin uwar kuɗinka ta dawo, in ka ƙara 400,000 ya zama wata 25. Wannan fa in ba fashi. Da damina suna gona, da azumi ba mai ɗaga ƙarfe da rana, da rani rabinsu sun tafi ci-rani, abokanka kuma bashi za su ce. Wanda ya ce maka zauren nan zai yi maka arziki bai faɗa maka gaskiya ba. Ka ɗauke shi abin gyara lafiyarka da zai iya biyan kuɗin kansa a hankali, kada ka taɓa jarin shago saboda shi.

Ka shiga mota ka je Kano da kanka. Ka ce wa ɗan baffanka, cikin mutunci, ya raka ka wajen wanda ya sayar masa, kana son canza faya-fayan da ba su dace ba, ka kuma mayar da injin gudun ko da za a rage maka wani abu. A gaban mai kaya za ka ji farashi ba tare da ka tuhumi kowa ba. Abin da ya dawo ka sa shi a faya-fayai masu rami iri ɗaya, ƙananan su fi yawa, da maƙallan da ke riƙe su a bakin sanda. Marikin da ake ɗora sanda a kai da ƙarfen lilo da ake kamawa a ja jiki sama kuwa, ka sayi bututu mai kauri a Kofar Ruwa, mai waldar garinku ya haɗa maka kana tsaye. Komai ka saya a rubuta nauyinsa da kuɗinsa kafin a ɗora a mota.