An ce ina da kansar baki, ga yara ƙanana: ya zan yi da tsoro?

'Yar'uwa, kin ce tun da aka tabbatar miki da kansar baki barci ya ƙaurace miki, kullum tunanin yaranki. Allah ya ba ki lafiya.

Ki tambayi likita kai tsaye matakin da ciwon yake, domin rashin sani ne ke ƙara fargaba. Idan an gano shi da wuri, tiyata ko gashi (wato ƙona ciwon da hasken na'ura) sukan warkar da shi. Ki je da wani ya riƙa rubuta bayanin. Wanda ke firgice ba ya riƙe magana.

Yaran kuwa, suna lura da fuskarki. Ki faɗa musu gaskiya daidai hankalinsu: ba laifinsu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa. Kafin a fara gashi, ki ga likitan haƙori.